Kwalba Uku a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Shekara bakwai na yi ina yi wa maigidana allura, safe da yamma, ni da ko kaza aka ce in riƙe za a yanka sai na kau da kai. Ranar da aka ce mana ƙwayar ciwon suga ta daina yi masa aiki, sai dai a koma allurar insulin, zama na yi a kan bencin asibiti ina ta salati. Shi kuwa dariya ya yi. Badukku ne, rumfarsa tana Kasuwar Kurmi wajen masu fata, tun yana yaro basilla ce a hannunsa. Ya dubi nas ɗin ya ce, "Malama, shekara arba'in ina huda fatar akuya, yau kuma an zo kan tawa. Ba laifi." Sai dai idonsa ya riga ya fara rauni, ba ya ganin ƙananan layukan jikin sirinji. Shi ya sa aikin ya faɗo kaina.

Nas ɗin nan wata doguwa ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a amma tana da haƙuri. Da lemon zaƙi ta koya mini, sai da na huda shi ya fi sau ashirin. Ta nuna mini layin da zan tsaya da safe da wanda zan tsaya da yamma, ta sa na yi ta ƙirgawa da baki har ya zauna mini. Maganin yana cikin 'yar kwalba da ba ta fi babban yatsana ba, fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, idan ya jima a ajiye sai farin ya kwanta a ƙasa. Ta ce ba a girgiza shi, murza shi ake yi a tsakanin tafin hannu a hankali har ya haɗu. Idan na zuƙo na ga ƙwayar iska a ciki, in ɗan ƙyasta sirinjin da farce ta hau sama, in fitar da ita. Kuma kada in riƙa soka wuri ɗaya kullum.

Da muka zo maganar ajiya ta ce, "Mama, kuna da firij?"

Malam ya ce, "Ki fara tambaya ko muna da wuta."

Gidanmu a Jakara yake, ginin ƙasa tun na kakansa, wuta kuwa sai ta yi kwana uku ba ta leƙo mu ba. Nas ta ce to ba komai, in nemi ƙaramar tukunyar ƙasa in dasa ta cikin kasko mai yashi, in riƙa jiƙa yashin, kwalbar kuma in sa ta a gwangwani mai murfi kafin ta shiga tukunyar. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Zafi shi ne maƙiyinsa. Kada rana ta gan shi, kada ya kusanci murhu." Wannan maganar na ɗauka na riƙe da hannu biyu. Zafi shi ne maƙiyinsa.

A gindin randa na yi masa wuri, a lungun da rana ba ta taɓa saukowa, na rufe da tsumman buhu. Da na idar da sallar asuba yashin nake fara ba ruwa kafin in kunna wuta, da azahar in ƙara, da la'asar in sa bayan hannu in ji sanyinsa. Malam ya raɗa wa tukunyar suna ɗan auta. In ya dawo daga kasuwa tun daga soro zai ɗaga murya, "Likita, ina ɗan autanki? Ya sha ruwa?"

In ce, "Ya sha. Babban ne dai ban san abin da ya sha a kasuwa ba."

Akwai dalilin wannan tsokanar. A shekarar farko na taɓa kama shi da alkaki a aljihun riga, an nannaɗe a takarda, har ya ciji gefe. Ya ce wai tsaraba ya kawo mini, ya ɗanɗana ne ya ji ko mai kyau ne. Muka yi faɗa, muka yi dariya, ya yi alkawari. Daga ranar ni nake zuba masa abincin rana a 'yar kula, tuwon alkama ko wake da zogale, ya tafi da shi rumfa. Muna kuma da ɗan injin gwada suga. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na san in lambobi uku suka fito, ta farko ita ce magana. In ɗaya ce, alhamdu lillahi. In biyu ce, a yi hankali. In uku ce, to wani ya yi ɓarna.

Haka muka yi shekara bakwai, kwalba ɗaya-ɗaya. In ta kusa ƙarewa ya biya ta kemis ya taho da wata, ta shiga tukunya. Zan ɗage masa riga in tsuke fatar cikinsa, shi kuma yana kallon rufin ɗaki yana cewa hannuna ya fi na 'yan asibiti sanyi, da na yi boko da yanzu ina da mota. Ban taɓa gaya masa ba, amma lokacin nan na fi so a duk yinin. Mutum ne da ba ya son a yi masa komai, ko buta shi yake ɗaukar abarsa. A nan kaɗai yake sakin jiki ya bar mini kansa.

Shekarar da abin ya faru azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Zafin da aka yi kuwa, bango ma in ka jingina da shi sai ka ja baya. Ruwan randa ya koma ɗumi-ɗumi, yashin ɗan auta in na jiƙa shi da hantsi kafin azahar ya bushe ƙamas. Ana saura kwana biyu a ɗauki azumi babbar 'yarmu da ke aure a Kaduna ta zo gaishe mu. Ta fito da wata 'yar jaka mai sanyi ta buɗe, kwalba uku sababbi a kwalayensu.

Ta ce, "Umma, na hutar da Baba yawon kemis a zafin ranar nan. Amma mai kemis ya ce waɗanda ba a buɗe ba a firij ake ajiye su, tukunya ta wadda ake amfani da ita ce."

Na yi ta sa mata albarka. Da ta tafi na zauna ina kallon kwalaben nan, hankalina ya ƙi kwanciya. Ga dukiya a hannuna, ga maƙiyinta ya cika gari.

Gida biyu tsakaninmu da wata Hajiya, ƙawata ce tun muna amare, tare muka yi goyon fari. Ɗanta ya sa mata sola da ƙaton firiza, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, in azumi ya zo layi ake yi a ƙofar gidanta tun la'asar. Na sa kwalaben a gwangwanin madara, na naɗe da sabon hankici, na yafa mayafi na shiga wurinta.

Ta ce, "Yau kuma me aka ƙunso mini haka kamar lefe?"

Na ce, "Amana na kawo miki, Hajiya. Ran Malam ne a ciki."

Da na yi mata bayani sai ta daina wasa. Ta wanke hannu. Akwai wani kwando a sama kusa da murfi inda take sa zoɓon da za a ɗauka da wuri, na nuna shi na ce ko nan ma ya isa.

Ta ce, "Haba dai! Nan da ake buɗewa sau ɗari a yini, kowane hannu ya taɓa, iska mai zafi tana shiga? Maganin Malam zan sa a bakin ƙofa kamar takalmi? Matsa ki gani."

Ta durƙusa ta dinga fito da ƙullin ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya har hannunta ya yi ja, ta kai can ƙasa inda sanyi ya fi kama jiki, ta ajiye gwangwanin, ta mayar da ƙanƙarar a kansa. Ta ce, "Nan ko wuta ta ɗauke kwana uku ba abin da zai same shi." Ta ba shi wurin da ya fi kowane daraja a gidanta, yadda ake yi wa babban baƙo. Na fito ina jin kamar an sauke mini dutse daga ka. Ranar har waƙa na yi ina tankaɗe.

Azumi ya kai goma ta tukunya ta ƙare, na je na karɓo ɗaya. Ta fito tauri kamar tsakuwa, fari fat, tana manne wa yatsa. Daɗi na ji, wallahi daɗi na ji. Na ce wannan ai zafi bai ko san inda take ba. Na dunƙule ta a hannu har ta narke, na murza kamar kullum. Na lura da wasu ƙananan gudaji kamar garin da bai dame ba, wasu sun manne a jikin kwalbar daga ciki, na ƙara murzawa suka ƙi bajewa duka. Na ce ƙila wannan kamfanin haka nasu yake. Na zuƙo daidai layi, na ƙyasta iska, na yi bismilla na soka masa.

Likita ya daɗe da hana shi azumi, ciyarwa yake yi, don haka abincinsa bai canja ba. Amma cikin kwana huɗu injin ya fara nuna biyu. Kafin mako ya zagayo ya hau uku ya zauna. Malam ya koma shan ruwa kamar raƙumi, moɗa uku a tsaye, buta kuma ba ta hutawa. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Ni kuwa ina na kai zargina? Kasuwa. Watan azumi ne, Kurmi cike da dabino da alewa da nakiya, kowa na miƙa wa maƙwabcinsa. Na tabbata a raina nan ɓarnar take, don ni dai na san ban kuskure layi ba, maganin kuma yana can cikin sanyin da babu irinsa a unguwar.

Na ce, "Malam, me kake ci a rumfa?"

Ya ce, "Abin da kika zuba mini."

"Sai me?"

"Sai ruwa."

"Ruwan ne mai suga? Injin nan ba ya ƙarya."

Ya ce, "To ni ne nake yi ke nan."

Na shiga laluben aljihunsa in ya cire riga. Na shinshina hularsa, na zazzage jakar kayan aikinsa a tsakar gida, basilla da zare da guntayen fata suka watse, ban sami komai ba sai goro rabi. Na rage masa tuwo, na ce tunda yana ƙoshi a waje ba sai na wahala ba. Wata rana da la'asar na gaya masa maganar da har in mutu ba zan daina jin ta ba. Na ce, "Shekara bakwai ina bauta wa tukunya saboda kai, kai kuma kana kashe kanka a kan alewa kamar ƙaramin yaro. In ka gaji da mu ne ka faɗa."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wallahi tallahi, tun alkakin nan ban ƙara ba." Ya sunkuya yana tsince kayan aikinsa da kansa, yana lalube don ba ya gani sosai. Ina tsaye ban taya shi ba.

Na ce mu je asibiti, ya ce a bari a yi salla, aiki ya yi masa yawa, ga takalma ga jakunkuna mutane na jira. Ni ma ban matsa ba, don a ganina na san ciwon na san maganinsa, ya kame bakinsa kawai. Ana jibi salla ya taka basilla a rumfa, ta shige shi a ƙasan babban yatsa. Bai ma ji ba, sai da na ga jini a takalminsa. Na wanke na ɗaure. Bayan salla na karɓo kwalba ta biyu a wurin Hajiya, ita ma tauri kamar 'yar'uwarta, na narkar da ita a hannuna.

Ciwon ƙafar ya ƙi rufewa. Ya kumbura, ya yi baƙi a gefe, ya fara wari. Wata safiya injin ya ƙi nuna lamba sam, sai wasu haruffa biyu, Malam kuma yana magana tana kakkarye masa. Maƙwabta suka kama shi aka fitar da shi ta lungu har bakin titi, aka sa shi a adaidaita.

Kwana biyu yana kan gado da ƙarin ruwa kafin ya dawo hayyacinsa. Likita ya ce abin da ya ba shi mamaki, nasu maganin yana taɓa shi sugan ya fara sauka. Aka ce in kawo wanda nake yi masa a gida. Na kawo da ƙarfin gwiwata, har da sirinjin, don a ga ban yi kuskure ba. Nas ɗin da ta karɓa yarinya ce, ba ta kai 'yata ba. Ta sa na nuna mata layin da nake tsayawa, ta ce daidai. Sannan ta ɗaga kwalbar saitin taga, ta juya ta, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Mama, a ina kike ajiye wannan?"

Na gaya mata komai, har da yadda aka tono ƙanƙara aka sa shi a can ƙasa. Ina faɗa ina jiran ta yaba mini.

Ta ce, "Ya taɓa daskarewa?"

Na ce, "Kamar dutse ma kuwa."

Ta sauke hannunta a hankali. Ta ce, "Mama, in ya daskare ya lalace. Ko ya narke ba ya komawa daidai. Sanyi yake so, amma ba na ƙanƙara ba. Kusan duk kwanakin nan kamar ba a yi masa allura ba ne."

Na shiga ƙirga kwanakin a raina. Kusan kwana arba'in, safe da yamma, da bismillata da komai. Ina soka masa abin da ba shi da rai, in juya in ce shi ne maƙaryaci.

Ashe yana jinmu. Daga kan gado ya ce, "Malama nas, kada ki ɗora wa Likitata. Ni ne. Ina shan alewa a kasuwa."

Yarinyar ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Ya juyo da kai wajena ya ce, "Kin ji ko? Kullum sai na sha. Da dabino. Har rake. Ke dai ba ki iya bincike ba ne, a cikin hula nake ɓoyewa."

Na ce, "Na duba hular."

Ya ce, "To a ɗaya hular."

Hula ɗaya gare shi ta zuwa kasuwa, ni nake wanke ta. Na kifa kaina a gefen katifar na yi kukan da ban yi ba ko ranar da mahaifiyata ta rasu. Ya ɗora hannu a kaina yana cewa in yi shiru mutane na kallo, za a ce dukana yake yi.

An yanke yatsan, daga baya aka ce ciwon ya haura. Likitoci sun ce jikinsa ya daɗe yana fama, shekaru ga su, jijiyoyin ƙafar sun riga sun gaji, ba za a ce abu ɗaya ne ya jawo ba. Na ji su. Na kuma san kwana ba ya wuce ranarsa, na yi imani da wannan. Amma ni na riƙe kwalbar nan a tafin hannuna har ta narke. Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, an yi ruwan farko da kwana biyu, garin ya yi sanyi har ana cewa alhamdu lillahi zafi ya karye. Kafin nan na roƙe shi gafara ya fi sau nawa, kullum amsarsa ɗaya, wai shi zai roƙe ni, shi da ya sha alewa.

Ranar uku wani dattijo da rumfarsa ke jikin ta Malam ya aiko a yi masa iso, ya tsaya daga bakin soro ya yi mini gaisuwa. Ya ce, "Baiwar Allah, mutumin nan ya ji maganarki. Ko dabino aka raba a layinmu nasa sai ya miƙo mini, ya ce Likita ta hana. A azumin nan har tsokanarsa muke yi, ya ce ai gara ya ɓata da duk Kurmi da ya ɓata da ke." Ya faɗa ne don in ji sanyi. Na ce masa na gode, Allah ya ba da lada.

'Yata ta sani, don ita ta je ta karɓo kwalba ta ukun ta kai asibiti aka zubar. Ta ce laifinta ne da ba ta tambayi mai kemis da kyau ba, na ce ta rufe bakinta kada in ƙara ji. Hajiya kuwa ba ta sani ba har yau. Ita ta zauna da ni duk kwanakin takaba, ita ta riƙa tsefe mini kai. Wani lokaci tana cikin hira sai ta ce, "Mu dai mun yi iya ƙoƙarinmu, ko maganinsa ba mu bari zafi ya taɓa ba." In ce, "Haka ne, Hajiya." Me zan ce mata? Matar da ta durƙusa ta tono ƙanƙara da hannunta har ya yi ja. Abu ɗaya na yi, na ce mata nas ta ce a daina sa irin wannan maganin a firiza, in wani ya kawo ajiya ta ce ya kai mai ɗan sanyi. Ta ce to, su dai 'yan asibiti kullum da sabon salo.

Azumi biyu ke nan ya wuce ba shi. A watan azumi kullum in la'asar ta yi sanyi sai ta shigo da kanta da ƙullin ƙanƙara mafi girma a cikin kwano, ta ce na shan ruwa ne, kada in kuskura in ce zan biya. In karɓa da hannu biyu in yi godiya, mu ɗan taɓa hira, in raka ta soro. In na dawo sai in tsaya da kwanon a tsakar gida. Na gwada sau ɗaya na jefa a kofi, na kasa shan ruwan, na zubar. Tukunyar tana nan a gindin randa, ba komai a cikinta sai gwangwanin. A kan yashinta nake ɗora ƙanƙarar, in rufe da tsumman buhu, in je in ɗebi ruwan randa in jira kiran salla.